Maganar Hannu

Shekara talatin da ɗaya, Ventje,
muna faɗawa ruwan Lembeh da baya,
kai da kyamara, ni da fitila,
tukunyar iska a bayan kowa
kamar goyon da bai taɓa kuka ba.

A tudu mun iya gardama:
kuɗin mai, bashin kwale-kwale,
wa ya bar murfin gilashi a buɗe.
Amma da ruwa ya rufe kanmu
sai baki ya zama na numfashi kawai.
Yatsa biyu ga ido: duba.
Tafi ƙasa: bi a sannu.
Dunƙule a ƙirji: iskata ta kusa ƙarewa.

Ka tuna uwar nan mai hannu takwas
da ta tare a ɓawon kwakwa
bisa baƙin yashi?
Kwana arba'in da uku muna kai mata ziyara,
tana fifita ƙwanta, ba ci,
tana koɗewa kamar zanen da ya sha wanki.
Daren da suka ƙyanƙyashe
batirinka ya mutu.
Mu biyu kaɗai muka gani,
tsaba mai idanu tana hawa cikin hasken fitilata.
Ka yi ashar, ta fito kumfa.
Na yi dariya har gishiri ya shige mini hanci.

Masu kallo sun samu minti huɗu,
da kiɗa, da muryar wani
wanda bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba.
Ba su ga ledojin da nake janyewa
daga gaban gilashi ba.
Daga baya muka daina janyewa.

Bara likita a Manado ya ce kunnenka ya gama.
Zurfi ya karɓi ladansa.
Yanzu kana bakin kwale-kwale da agogo
kana ƙirga kumfar numfashina,
ni ina ƙasa da kyamararka mai nauyin tsiya.
Nakan juya hagu in nuna maka ɗan dokin teku
sai in tarar da ruwa.

Jiya a kicin, kifi a kasko,
na kira sunanka sau uku, ba ka waiwayo ba.
Na taɓa kafaɗarka,
na haɗa babban yatsa da manuni: lafiya?
Ka daɗe kana kallona
kamar da, ta cikin gilashi biyu.
Ka mayar: lafiya.
Sannan yatsa biyu ga ido,
ka nuna bayana.

Kifin ya ƙone.