Yadda Ake Tsallaka Titi a Hanoi

Na iso da jaka ɗaya da mura,
da adireshi a bayan tikitin jirgi.
Tsohuwa Nhan, mai masaukin baƙi,
tsayinta bai kai kafaɗata ba,
amma ta karɓi fasfo, ta dube ni sama da ƙasa
kamar mai taya akuya.

Jikanta Khoi ne bakinta.
Ita ke yanka, shi ke miƙo mini:
Takalmi a bakin ƙofa.
Ruwan famfo na wanka ne, ba na ciki ba,
ga na gora can a lungu.
Soket ɗinmu ido biyu gare shi,
ajiye naka mai ƙafa uku, ga aro.
Katin gidan nan ya zauna a aljihun gaba.
Ranar da lunguna suka haɗiye ka,
miƙa wa mai babur, kar ka tsaya bayani.

Sai ta baje kuɗinsu a kan tebur,
sifili birjik kamar ƙwan kifi.
Ta zaro shuɗɗa biyu, Hassan da Husaini a ido,
ɗaya dubu ashirin,
ɗaya dubu ɗari biyar.
Ta ce da dare kar in biya da gaggawa,
in nemi fitila, in ƙirga, in sake.

Canji da hannu biyu ake karɓa.
Tsinken cin abinci ba a kafa shi tsaye a shinkafa,
wannan kwanon na waɗanda suka riga mu ne.
Na ce ba na cin alade.
Ta rubuta mini a 'yar takarda,
haruffa da huluna da ɗigo a ƙasa,
na naɗe ta kamar laya.

Duk wannan na haddace.
Titi ne ya ƙi ni.

Na tsaya a bakinsa har inuwa ta gusa.
Babura kamar kogi ya kawo,
wani da firji a baya,
wani da mata da 'ya'ya biyu da kwandon agwagi,
wani da bishiyar lemo, tana rawa da 'ya'yanta.
Ina jiran giɓi. Babu giɓi.
Mai jiran kogin nan ya ƙafe
a nan zai yi furfura.

Sai na ji an kama hannun rigata.
Ita ce, da kwandon cefane,
babu Khoi, babu fassara.
Ta saka ƙafa. Na bi.
Ba ta tsaya ba, ba ta ruga ba,
taku ɗaya, irin na mai ɗauke da ruwa a ka.
Kogin ya tsage, ya haɗe a bayanmu.
Iskar wani babur ta lashi gwiwata.
Na so in ja da baya, ta matse ni
da yatsu kamar filaya.

Daga baya Khoi ya ce:
su ke karanta ka, kai dai kar ka sauya rubutu.

A dare na huɗu na zauna a 'yar kujerar roba,
gwiwoyina kusa da kunnuwana,
na nuna layata, aka kawo romon kaza da taliya.
Na sha har gumi. Na biya. Na tashi.
Ban nemi fitila ba.

Na tsallaka ni kaɗai, ina jin kaina,
sai ga ihu a bayana.
Mai romon ce, da ludayi a hannu ɗaya,
ta ratso tsakiyar babura ko waige babu,
tana kaɗa shuɗiyar takardata a sama,
babbar, ba ƙaramar ba.

Ta yi mini faɗa sosai.
Ban ji ko kalma ɗaya ba, na gane duka.
Na miƙa hannu biyu.