Ɗakuna Arba'in da Bakwai

Gobe zan kai ta Ikeja.
Ndubuisi ya ce dubu tamanin, in batir na riƙe caji,
mai gida kuma ya ba ni zuwa Juma'a.
Shi ya sa daren nan a Agege
na ɗora kwamfutar kan bokitin fenti,
janareton maƙwabci na tari a bayan taga,
na ce bari in yi shara kafin in miƙa makulli.

Hotuna na kwashe, takardu na kwashe.
Sai na ce wa na'ura:
nemo min duk foldar da ba komai a cikinta.
Ta yi jim, kamar kwandasta mai lissafin canji,
sannan ta jero su.
Arba'in da bakwai.

Ashe ni mai gidaje ne a Ikko ban sani ba!
Ɗakuna arba'in da bakwai,
ba ɗan haya ko ɗaya.

"Digiri na Biyu."
Na buɗe, wayam.
Ranar da na raɗa mata suna an biya albashi,
na ci kifi a Obalende, na ji duniya ta yi daidai da aljihuna.

"Fili a Malumfashi."
A cikinta akwai "Takardun Fili,"
a cikin wannan akwai "Zanen Gida,"
a cikin zanen gida, iska.
Tukunya cikin tukunya cikin tukunya,
ba ko ƙanzo.

"Bashin Tanimu."
Ban taɓa rubuta ko sisi ba, kunya ta hana.
Shi ma ya san halina,
tun bara wayarsa ba ta shiga.

"Harkar Albasa,"
wata biyu ina zarya kasuwar Mile 12,
abin da na samu hawaye ne, shi ma na yaji.

Sai ga "Sabuwar Folda,"
"Sabuwar Folda 2," har zuwa ta tara,
'ya'yan da ba a yanka wa rago ba.
Me na so in zuba? Wallahi na manta.
Wataƙila wuta aka ɗauke,
wataƙila oga ya kira.

Na zaɓe su, na danna.
Na'ura ta ce: Ka tabbata?
Shekara goma sha ɗaya a garin nan
ba wanda ya taɓa yi min wannan tambaya,
ba dillalin ɗaki ba,
ba manajan da ya miƙo min farar ambulan ba,
yana kallon agogo.
Na ce na tabbata.
Suka faɗa kwandon shara ba ko ƙara.

Na duba ko wuri ya ƙaru.
Ko ƙwayar gero bai ƙaru ba.
To me nake ɗauke da shi duk shekarun nan
da ya sa wuyana ke ciwo?

Saura ɗaya can ƙasa,
sunanta "jjjjkkkkkmm."
Wannan aikin Sahura ne,
tana shekara biyu, zaune kan cinyata,
tana dukan madannai da hannu mai danƙon mangwaro.
Na yi mata tsawa a ranar.
Har yau harafin "k" yana maƙalewa.
Yanzu tana Funtuwa wajen kakanninta, ita da uwarta,
kafin abubuwa su daidaita,
haka muke cewa a waya.

Ita ma wayam take.
Amma ita kaɗai ce ba ta yi min alkawarin komai ba.

Na san Ndubuisi zai wanke komai da safe,
ya manna sabuwar leda, ya ce daga waje ta zo.
Na soka filashi, na ja ta ciki.
Kafin in ƙifta ido na'ura ta ce an gama,
wai babu abin ɗauka.

Batir saura tara.
Janareto ya yi shiru, sauro ya karɓi aiki.
Na sa filashin a aljihun gaba,
tare da kuɗin danfo.