Sunayen da Ke Cikin Baƙin Ruwa

Kakana Simpei bai iya karatu ba,
amma in ya tsoma hannu a kogin Sebangau
yakan karanta ruwan kamar wasiƙa.

Ruwanmu baƙi ne, launin shayin da aka manta a kan wuta,
ga ɗan tsami a harshe.
Baƙo in ya gani sai ya yamutsa fuska:
me zai rayu a nan?
Kaka sai ya yi dariya da haƙoransa uku,
ya ɗago gurar kwagiri tana ɗiga.

Ga tapah, mai baki kamar na buhu,
wanda ya taɓa jan kwalekwalen Dehen har mashigi.
Ga bapuyu, sarkin taurin kai,
in kududdufi ya ƙafe ya bi ciyawa da ƙirji, neman wani.
Ga saluang, kamar an watsa allurai a rana.
Akwai wani ja, bai kai ɗan yatsana ba,
namijin ke tara kumfa ƙarƙashin mataccen ganye,
ya yi wa ƙwai ɗaki,
ya tsaya gadi, ko ci ba ya yi.

Suna arba'in da bakwai ya ba ni,
ɗaya bayan ɗaya, ina gaban jirgi ina kwashe ruwa da ƙoƙo.
Gadona ke nan. Ba gona, ba zinariya.

Ƙasar nan ba ƙasa ba ce, in ji shi,
ganye ne bisa ganye, tun kafin kakan kakanmu,
jiƙaƙƙe, yana barci.
Kada a tashe shi.

Aka tashe shi.
Masu katako suka tsaga magudana, miƙaƙƙiya kamar zare,
kurmi ya yi ta zubar da jini ta nan, dare da rana,
ba wanda ya ji kukansa.
Da rani ya tsananta wuta ta shiga ƙarƙashi,
ba harshe, ba ƙara,
sai ka taka ƙasa ka ji ta tana huci.
Wata uku rana ta zama jan kwabo.
Yara na tari. Inna ta ɗaura rigar tsumma a hanci.
Hayaƙin nan ne ya ci idon Kaka.

Shekarar da ta biyo na ƙirga abin da gura ta kawo:
goma sha tara.
Na sake ƙirgawa, ko na yi kuskure.

Mu goma sha ɗaya muka shiga magudanar, ruwa iya wuya,
muka kafa turaku, muka danƙara buhuna.
Dehen, da gatarinsa ya ci itacen nan a da,
shi ya fi kowa duka.
Ban tambaye shi dalili ba.
Madatsar farko ambaliya ta tafi da ita.
Ta biyu ta tsaya, a karkace, amma ta tsaya.

Damina huɗu ke nan.
Jiya na kamfato ruwa tsakanin saiwoyi,
sai ga wani abu cikin ƙoƙon,
ƙwayar shinkafa mai ido biyu,
jikinsa garau, har ina hango ƙashin bayansa.
Na kai wa Kaka a guje, rabin ruwan ya zube a hanya.

Ya ce, faɗa mini, Yetri, ni ba na gani.
Na faɗa.
Ya yi shiru, ya sa yatsa a bakin ƙoƙon,
ya kira sunan a hankali
kamar mai kiran ɗan da ya daɗe a tafiya.

Talatin da ɗaya yanzu.
Saura sha shida na bar musu layi a littafina, fari fat.
Kaka ya ce kada in ja musu biro tukuna,
ruwa bai gama magana ba.
Sannan ya ce in mai da ɗan mutane inda na ɗebo shi,
rana ta yi.