Ƙwandala Ɗaya, Rai Uku

A Valparaíso, can ƙasan bene,
inda gishirin teku ke cin ƙarfen ƙofa,
Doña Herminia ke canza mana kuɗin burodi
zuwa ƙwandala mai tsaga a gefe.
Ƙwandala ɗaya, rai uku.
Ba mu ƙara samun rai da araha haka ba.

Yayana Anselmo ya fi kowa hannu.
Yakan cije leɓe, ya karkace kafaɗa,
wai jirgin da ke bayan gilashi
zai ji nauyinsa ya kauce wa wuta.
Kiɗan kuwa murya uku ce tak,
kamar gyare a cikin gwangwani,
amma har gida yake raka mu,
muna hawan tudu muna fitonsa.

Ran Asabar sai silima:
kumbo na kwali,
zaren da ya rataye shi yana ƙyalli.
Duk mun gani, ba wanda ya tona.
Aka ce nan da shekara talatin
a duniyar wata za mu karya kumallo.

Talatin ɗin ta cika, ta wuce.
Ƙasan benen ya zama kantin magani.
Anselmo rai ɗaya aka ba shi,
kuma ba a sayar da ƙari.

Jiya ina layin maganin hawan jini
na'urar kuɗi ta yi ƙara sau uku,
muryar nan sak.
Na kai hannu aljihu.
Yarinyar ta ce, Baba, kati ko tsaba?