Silinda Takwas a Garejin Kaka

A rumbun wani manomi, can bayan Lapeer, muka same ta,
ta durƙusa kan tayoyi huɗu kamar tsohuwar saniya,
ɓeraye sun yi gida a kujerar baya, har da jikoki.
Kakana Orval ya shafa ƙofarta, tsatsa ta rina masa tafi,
ya ce, "Renata, 'yar sittin da tara ce.
Wa ya sani, ko ni na ɗaura mata ƙofar nan."

Shekara talatin da ɗaya ya yi a tsaye a masana'antar Flint,
motoci na wuce shi kamar ruwan kogi:
noti shida, ya ɗaure, ta tafi, wata ta zo.
Ko ɗaya bai taɓa mallaka ba.
Mai girkin biki ne, da ƙanshi ya kwana.

Sanyi uku muka ci a gareji.
Ƙanƙara na toshe ƙofa, mu haƙa mu shiga,
hita ɗaya tsakaninmu, ita ma sai an lallashe ta.
Na yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, na yi walda har idona ya yi yaji,
shi yana zaune kan bokitin fenti yana jera noti a gwangwanin kofi,
hannunsa na rawa, amma bai taɓa miƙo mini sifanar da ba ita ba.

A kan kafireta muka ɓata.
Na ce kwamfuta za ta riƙa auna wa injin fetur, ɗigo-ɗigo.
Ya ce motar da ba ta tari da asuba ba ta da rai.
Kwana tara bai leƙo ba.
Ran na goma ya shigo da tsohuwar kafiretar, ya wanke ta fes,
ya ɗora ta kan kanta, kusa da hoton kakata Wanda,
ya ce, "Sa naki. Wannan ta yi fansho, kamar ni."

Birki kuwa bai yi musu ba.
Abokinsa Lyle ya tafi a wata kwana, ran wata Asabar,
cikin mota irin wannan, mai ƙarfin gudu, marar ƙarfin tsayawa.
Da na ɗaura sababbin faya-fayan birki masu sheƙi,
sai ya tashi ya sake bin kowane noti da kansa.

Giya shida a gurbin huɗu. Sitiyari mai laushi.
Bel a kowace kujera. Fenti kore, irin na kwalbar lemo,
don shi ne launin da ya fi wuce shi a layi yana haɗiyar miyau.

Ranar tayarwa na murɗa makulli: shiru.
Kwamfuta ta zubo mini lambobi, ban gane kansu ba.
Tsoho ya kwanta kan kwali, ya shige ƙarƙashi da tocila a baki,
ya laluba da yatsu inda ido ba ya kaiwa,
ya ce, "Fentinki ya hana waya taɓa ƙarfe. Miƙo sanfefa."
Ya kankare wuri kamar faɗin kwabo.

Sai silinda takwas suka yi gyaran murya.
Gwangwanin kofi ya yi tsalle, noti suka watse,
karen maƙwabta ya tsere, ƙura ta zubo daga rufi.

Likita ya karɓe masa lasisi tun bara, ido ya yi hazo.
Ni na ja, shi yana gefe, tafinsa a kan ƙofar.
A miƙaƙƙen titin gona na taka, allura ta haura,
masara ta koma zane kore hagu da dama.
Ya ce, "To, yanzu tsaya."
Na tsaya. Cak.
Ya daɗe yana kallon hanya,
sannan ya ce, "Ƙofar nan tana ɗan kaɗawa. Gobe mu duba."