Saura Kwana Sha Tara

Saura kwana sha tara a kunna fitilun Diwali,
ni kuwa laka ba ta bar ƙarƙashin farcena ba
tun da damina ta yi kamar za ta tafi.

Yumɓun bana daga Gujarat mota ta kawo shi.
Direba ya ce mai ya hau, buhu ma ya hau.
Na ƙirga na ba shi.
Mai tanda a buɗe ba ya dogon ciniki.

Devji yana kan faifan gini
tun kafin jirgin ƙasan farko ya ratsa Mahim.
Cura ɗaya, juyi uku, ya datse da zare,
ya matse baki inda lagwani zai kwanta.
Shekara arba'in ke nan.
Bana babban yatsansa yana rawa.
Bai faɗa ba, ban tambaya ba.
In ya fita kurɓar shayi
sai in bi sahu a hankali,
in daidaita bakunan da suka karkace,
in koma kan tsintsiyata kamar ba ni ba.

Shantilal mai shago a Dadar yana son dubu takwas,
kuɗi sai bayan biki.
Bara ma haka ya ce,
muka yi ta sintiri har takalmina ya san hanya.
Rabi na rubuta masa.
Saura na bakin titi ne,
inda kuɗi ke zuwa da ɗumin hannun mai su.

Mun shanya a kan rufi,
a dokin ƙofa, a kan murfin kwata,
har akuyar Jamna ta rasa wurin kwanciya.
Shekaranjiya hadari ya dawo ba sallama.
Duk lungun Kumbharwada ya fito da gudu,
wannan da leda, wannan da zanen gado,
amma ɗari shida suka narke muna kallo.
Na zauna a ƙasa.
Devji ya tattara su da tafi biyu, ya ce,
ai ƙasa ce, Kanchan, ba ta je ko'ina ba.
Ya zuba ruwa ya sake kwaɓawa.

Tanda tana cin tsummokaran masaƙa dare da rana.
Hayaƙi ya shiga shinkafa, ya shiga wanki,
ya shiga tarin jaririn maƙwabta.
Ba mai ƙorafi. Kowa nasa na ciki.

Jikata Rinkal ce mai fenti,
ja, kore, da ɗigon ruwan gwal a gefe.
Ta manna wata takarda mai zanen baƙi a jikin tebur,
wai a nuna mata waya, kuɗi su shigo da kansu.
Na ce to.
Duk da haka na cika gwangwanin madara da canji,
na tara tsoffin jaridu na naɗi,
na sayi igiya, na ari fitilar caji,
na roƙi ɗan sandan kwanar da ya manta da mu sati biyu.

Mai teburin gefenmu ya rataye fitilun lantarki
masu ƙifta ido, ga araha.
Jiya da magariba uwarsa ta raɓo ta bayan gida,
a ajiye mata dozin biyu, marasa fenti,
kada ɗanta ya ji.

Akwai kwando a ƙarƙashin gado.
Nan nake zuba masu tsagewa,
masu ƙonewar gefe, masu karkataccen gindi,
da waɗanda yatsan Devji ya riga ni bushewa a kansu.
Ba na sayarwa ba ne.

Daren biki, in tebur ya koma katako zalla,
in na ware na mai yumɓu, na ware na haya,
su zan jera a bakin ƙofarmu.
Mai yana ɗiga ta tsagar, na sani.
Sai in tsaya kusa da kwalba a hannu,
ina ƙarawa.