Minti Goma a Ngomeni

Ƙarfe biyu da kwata na dare.
Teku ta ja da baya, ta bar ƙaguwa na sintiri a laka.
Ni kaɗai ce a ɗakin, sai fanka mai tari,
sai shayin da Ottavio ya bari ya huce a kan takardu.
A waje babban faranti ya karkata wuya
kamar akuyar da ta ji motsin mai dusa.
Tauraron ɗan'adam zai ɓullo ta yamma.
Minti goma yake ba ni, ko gaisuwa ba ya tsayawa yi.

Kayan da yake saukewa ba hasken da ido ya sani ba ne.
Eksire ne, irin wanda aka ratsa ƙirjin babana Thoya da shi
a asibitin Malindi, shekarar da tari ya hana shi fita su.
Likita ya ɗaga baƙin hoto ya kara a taga,
ya ce, ga haƙarƙari, ga wata inuwa nan, kun gani?
Muka ce mun gani.
Ina 'yar shekara tara, takalmansa ne a hannuna.

Iskar da ta lulluɓe duniya ba ta barin wannan haske ya sauko,
tun daga sama take shanye shi,
yadda uwa kan tare wa ɗanta mari da bayanta.
Shi ya sa aka harba madubi can bayan iska.
Shi ma hasken ba a yi masa gaba da gaba,
sai an lallaɓa shi ta gefe, ya shafa ya zame,
kamar falalen dutsen da Baba ke wurgawa a kan ruwa,
tsalle huɗu, biyar, kafin ya nutse.

Ga lambobi sun fara zuba.

Yau wani baƙin rami ne yake warware maƙwabcinsa tauraro
zare-zare, kamar tsohuwar koma a hannun masunci.
Zaren na kewaya bakin ramin, yana gugar ɗan'uwansa,
har ya kai zafin da babu maƙerin da ya taɓa mafarkinsa.
Dab da faɗawa sai ya ƙwala ihu.
Ihun ya baro gida tun ba a sassaƙa kwalekwale a gaɓar nan ba,
ya iso mini ƙwaya-ƙwaya.
Na ƙirga. Goma sha bakwai.
Ko tattabara ba za ta ƙoshi da su ba,
amma gobe malamai a birane uku
za su hana kansu abincin rana suna musu a kai.

Baba, kai da kake kama hanya da taurari,
kana kiran kowanne da suna kamar 'ya'yan maƙwabta,
ka ce mini sama ce kaɗai wurin da babu rigima.
Da kana nan da na ja maka kujera.
Sama na ci da wuta, Baba, rufa mana asiri kawai aka yi.
A asibiti inuwa suka karanta a jikinka,
a nan kuwa ciwon ne da kansa yake haske.

Minti goma sun cika.
Ya gangara ta bayan teku, faranti ya sunkuyar da kai.
Na rubuta a littafi: saƙo ya sauka, babu ɓaraka. Nyevu.
Can nesa fitilun masunta suna lilo,
bakwai, ko takwas, igiyar ruwa na ɓoye guda.

Hoton nan yana cikin jakata, gefensa ya fara cinyewa.
Na kara shi a hasken allo.
Haƙarƙari na gani sarai, kamar gindin jirgin da ba a gama ba.
Inuwar ce har yau ban gane ba.

Saura awa ɗaya da rabi ya dawo.
Bari in ɗumama shayin Ottavio.